Tafkunan Magarya da Dungas: wa ke kai maganar masunta gaban gwamnati?

In ana zancen kifi a Nijar, hankalin mahukunta yakan tafi kogin Kwara, ko tafkin Cadi da Komadugu a jahar Diffa. Safai ake tunawa da kudancin jahar Damagaram, inda kwarin Korama da ƙananan tafkuna suka ratsa gundumomin Magarya da Dungas. A wannan yanki mai cunkoson jama'a, inda gona ta yi wa magidanci kaɗan, tarwaɗa da karfasa da gaiwa na tafki su ne ke cike giɓin rani a gidaje da dama. Masunci yana ci, mai banda tana ci, haka ma ɗan kasuwar da ke ɗaukar kwali zuwa Zinder ko Maigatari. Abin tambaya shi ne: ta wace hanya labarin waɗannan tafkuna ke isa teburin da ake yanke shawara a Yamai?

A takarda hanyar tana nan. Dokar 21 ga Agusta 2000 ta kafa majalisun manoma na jahohi, waɗanda ake kira CRA, tare da uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, wato RECA. Aikinsu shi ne su wakilci manoma da makiyaya da masunta da masu aikin daji, su tattaro damuwarsu, su ba hukuma shawara. A gefen gwamnati akwai hukumar kamun kifi da kiwonsa, da ma'aikatan gandun daji da ke tsaron doka a karkara. Tsohuwar dokar kamun kifi, mai lamba 98-042 ta 7 ga Disamba 1998, ta ɗora sharaɗin yankar takardar izni, ta kuma hana kisan kifi da guba ko nakiya. Tsarin mulkin 2010 ya tanadi majalisar CESOC mai ba da shawara kan tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da wannan tsarin mulki, a 2025 kuma aka girka sabuwar majalisar ba da shawara ta ƙasa, wato CCR.

Ke nan ba rashin majalisa ke damun masunta ba. Abin da ke raunana shawararsu uku ne.

Na farko, shawara ba ta da nauyi in ba ta tafe da lissafi. Minista da ke rabon kasafi yana sauraron wanda ya zo masa da adadi: tafki kaza, kifi buhu kaza, magidanta kaza. Kifin ƙaramin tafki kuwa ana kama shi da asuba, kafin hantsi an sayar, ko ya shiga tukunya ko ya hau banda. Abin da ba a auna ba, ba ya shiga rahoto, kuma abin da bai shiga rahoto ba, tamkar babu shi ne a idon mai tsara kasafi. Da haka tafkin da ke ciyar da ƙauyuka biyar yakan kasance bai da ko layi ɗaya a takardun ma'aikata.

Na biyu, masuncin wannan yanki manomi ne da damina, mai lambu ko mai rake da rani, su kuwa sana'a ce da yake haɗawa da sauran. In an zauna taron manoma, maganar taki da iri da farashin gero ita ke cinye lokaci, don ita ta shafi kowa. Maganar kacala da ke shaƙe ruwa, da rairayin da ke cike tafki, da gidan sauro da wasu ke mayarwa taru suna kwashe ƴaƴan kifi, sai ta koma ƙarshen jadawali. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin ruwa ya san watan da kifi ke ƙwai, ya san tafkin da ke ƙafewa kafin bazara da wanda ke riƙe ruwa har damina, amma saninsa bai da kujera tabbatacciya a zauren da ake rubuta shawara.

Na uku, shawara ba umurni ba ce, gwamnati na iya ɗauka, tana iya bari. Wannan daidai ne, domin nauyin mulki a wuyanta yake. Sai dai in an bari, ya kamata a faɗi dalili. Majalisar da ke aika takarda ba ta samun amsa, sannu a hankali wakilanta sukan gaji, waɗanda suka turo su kuma su daina zuwa taro.

Illar wannan tana bayyana a wajen zuba ƴaƴan kifi a tafkuna, aikin da gwamnati da masu ba da agaji suka daɗe suna yi, aka kuma ƙara masa ƙarfi da shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, wanda aka ƙaddamar a 2012. Aiki ne mai amfani, amma sai an san wane tafki, wane irin kifi, wane wata, da wanda zai hana su har kifin ya girma. In aka zuba a ruwan da zai ƙafe bayan wata uku, ko aka tafi ba a bar kwamitin tsaro ba, an yi shuka a idon makwarwa. Haka ma kiwon tarwaɗa a kwami, wanda ya dogara ƙwarai da iri da abincin kifi daga Najeriya. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin CEDEAO bayan Yuli 2023, sun nuna haɗarin wannan dogaro. Ɗan kasuwar Magarya ya san haka tun kafin labari ya kai ofis.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙasa ba. A ware wa masunta da mata masu banda wakilci nasu na kansu a majalisar manoma, daga Wacha da Bande har Gushi da Malawa. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe littafin tafkunanta: suna, tsawon watannin ruwa, irin kifi, yawan masunta. A sa sikeli a bakin manyan tafkuna, a haɗa kai da dillalai, domin su ne suka san nawa ya fita da nawa aka saya. Shawarar da aka aika da amsar da ta dawo a karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara. Sannan wani kaso na kuɗin takardar izni ya koma ga yashe tafki da sare kacala, don masunci ya ga abin da kuɗinsa suka yi.

Wani zai ce ƙasa tana fama da matsalar tsaro, kifin tafki ba shi ne a gaba ba. Amma Nijar da kanta ta sa tafkin Lasuri cikin yarjejeniyar Ramsar a 2005, ta ƙara da na Gidimuni da Madarumfa a 2019, ta ɗauki alkawarin kula da su a gaban duniya. Hukumar FAO ma ta fitar da ƙa'idoji a 2014 da ke neman a sa ƙananan masunta cikin yanke shawarar da ta shafe su. Saurayin da ya sami abin yi a bakin tafkin garinsu kuwa bai cika ɗaukar hanyar Agadas ko Kano ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da biro, ɗan kasuwa yana da lissafi, sarkin ruwa yana da sanin ruwa. Sai majalisar manoma ta haɗa ukun a takarda ɗaya, ta kuma bi sawunta har amsa ta fito, sannan shawararta za ta yi tasiri. In ba haka ba, rairayi da kacala za su ci gaba da cin tafkunan Magarya da Dungas, rahotanni kuma suna cewa komi lafiya.