Tsufa da Tattalin Arziki: Wa Zai Riƙe Tsofaffin Katsina?

A shekarar 1987 aka cire jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna. Matasan da sabuwar gwamnati ta ɗauka aiki a wannan shekara, akawu da direbobi da ma'aikatan asibiti, sun cika shekara 35 a bakin aiki a 2022, wato iyakar da ƙa'idar aikin gwamnati ta yanka. Da suka koma gida, shekarar da ta biyo baya aka cire tallafin mai, darajar naira ta faɗi, kuɗin hatsi da na magani suka tashi. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka kafa jihar kuwa zai cika shekara 60 a 2047. Dukansu biyu tambaya ɗaya ce a gabansu: idan ƙarfi ya ƙare, da me za a ci abinci, kuma daga aljihun wa?

Abin da ke damun manyan ƙasashe

A ƙasashe da yawa haihuwa ta ragu, mutane kuma suna daɗewa a duniya. A Japan kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65, kuma yawan mutanen ƙasar yana raguwa tun wajen 2008. A Koriya ta Kudu, lissafin 2023 ya nuna cewa a tsaka-tsaki mace ba ta ma kai ga haihuwar ɗa guda ba a rayuwarta. A waɗannan ƙasashe, harajin masu aiki da abin da ake yanka a albashinsu ne ke biyan fansho da maganin tsofaffi. In masu biya suka ragu, masu karɓa suka ƙaru, dole asusu ya girgiza.

Shi ya sa a 2023 gwamnatin Faransa ta kafa dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, jama'a suka yi watanni suna zanga-zanga. Ƙasar Sin, wadda ta daɗe tana tilasta wa iyalai haihuwar ɗa guda, ta ga yawan mutanenta ya fara raguwa a 2022, kuma daga Janairun 2025 ta soma ɗaga shekarun ritayar maza a hankali daga 60 zuwa 63. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 waɗanda suka kai shekara 60 za su haura biliyan biyu, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki za su kasance. Mu ma muna cikin wannan lissafi.

Namu lissafin daban ne

Wanda ya tsaya a Ƙofar Ƙaura ko bakin Babbar Kasuwa da yamma zai ce wannan magana ba ta shafi Katsina ba, domin yara da samari ne suka cika hanya. Alƙaluma ma sun goyi bayansa. A Najeriya waɗanda suka kai shekara 65 ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba, kuma kusan rabin jama'a ba su haura shekara 18 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna jihar Katsina ce kan gaba wajen haihuwa, da matsakaicin 7.3 ga kowace mace, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne, na Legas kuma 3.4.

Amma akwai abubuwa biyu da wannan kallo ke ɓoyewa. Na farko, ƙaramin kaso na jama'a mai yawa ma jama'a ce mai yawa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 5.8, kuma ta ƙaru sosai tun daga nan, don haka tsofaffinta dubban ɗaruruwa ne. Na biyu, idan aka ji cewa matsakaicin tsawon rai a Najeriya shekara hamsin da 'yan kai ne, ana ɗauka mutane ba sa kaiwa tsufa. Mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke jawo wannan adadi ƙasa. Wanda Allah ya kai shi shekara 60 yakan ƙara shekara goma sha wani abu, kuma a cikin waɗannan shekaru zai ci, zai sha magani, zai biya haya ko ya gyara ɗaki bayan damina.

Matsalar Japan ita ce masu aiki sun yi kaɗan. Tamu ita ce masu ƙarfin aiki suna da yawa, amma abin da suke samu bai isa ya riƙe su da 'ya'yansu da iyayensu ba.

'Ya'ya ne fanshon talaka

A ƙasar Hausa tun dā akwai tsarin tanadin tsufa, sunansa gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba tare, shi kuma ya ciyar da gida daga rumbu, ya biya haraji, ya yi wa yara aure, ya bar wa kowa gayaunarsa. Idan uba ya tsufa, aikin yana ci gaba, tuwonsa ba ya yankewa. Baturiyar nan Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan kudu da birnin Katsina, a 1967, ta yi nazarin wannan tsari, kuma ta nuna cewa ƙarfin magidanci a lokacin tsufa ya danganta ƙwarai da ko yana da 'ya'ya masu yi masa aiki a gandu. A cikin birni ma haka abin yake a rumfar kasuwa da maƙera da majema: ɗa ya gaji sana'ar uba, ya gaji nauyin riƙe shi.

Har yau mafi yawan tsofaffinmu a kan wannan tsari suke, ko da sunan gandu ya ɓace. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ma'aikatu masu rajista da albashi suke ba. Manomi da tela da mai kabu-kabu da mai sayar da ƙosai ba su da ranar ritaya, ba su da garatuti. Suna aiki har jiki ya ƙi, daga nan sai abin da 'ya'ya suka kawo.

Abin da ke raunana tsarin

Na farko gona ce. Duk lokacin da aka raba gado, gona tana ƙara tsukewa, kuma gonakin da ke kewaye da birnin sun zama filayen gini. Ɗan da ba shi da abin nomawa sai ya tafi cirani Kano ko Abuja ko Legas, ya riƙa aiko abin da ya samu.

Na biyu rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun kori iyalai da dama daga garuruwansu, wasu suka shigo birnin Katsina. Saurayi zai iya koyon sabuwar sana'a. Dattijon da dukiyarsa gona ce da shanu, in aka kore shanun aka hana shi noma, tanadin shekara arba'in ne ya tafi a dare ɗaya. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun kuma taɓa gidajen da ke ci daga fataucin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi.

Na uku tsadar rayuwa. Daga 29 ga Mayun 2023, litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a Disamban 2024, ta abinci kuwa ta kai wajen kashi 40 a tsakiyar shekarar. Mu ɗauki misali: mai karɓar fanshon naira 30,000 a wata, idan farashi ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, abin da zai saya da kuɗinsa shi ne abin da naira 22,500 ke saye a bara. Mai sana'a yana iya ƙara wa kayansa kuɗi, ma'aikaci yana iya yajin aiki, har aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024. Tsoho ba shi da abin da zai ƙara wa kuɗi, ba shi da aikin da zai yi yaji a kai. Ɗan da ke aiko masa kuwa, kuɗin makaranta da haya sun riga sun cinye rabon uban.

Na huɗu rashin lafiya. Hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi da yanar ido ba irin zazzaɓin da ake sha wa magani kwana uku ba ne. Kuɗinsu na kowane wata ne, kuma yawancin iyalai daga aljihu suke biya. Nauyin jinya a kan mata yake faɗawa, 'ya ko suruka ta bar sana'arta ta zauna. Mata kuma su ne suka fi daɗewa cikin tsufa ba miji, da ƙaramin rabo a gado, musamman wadda ba ta haihu ba ko 'ya'yanta suka riga ta.

Ina fanshon gwamnati ya tsaya?

Dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo tsarin asusun kowane ma'aikaci a ƙarƙashin hukumar PenCom, gyaran 2014 kuma ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Masu irin wannan asusu sun ɗan haura miliyan goma, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Jihohi kuma sai kowace ta yi tata dokar. Tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka gyara albashi, amma kukan 'yan fansho a jihohi da yawa shi ne ba a cika bin wannan, ga jinkirin garatuti da wahalar tantancewa.

An yi wasu yunƙuri. A Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar hannu, inda mutum ke zuba abin da ya iya. Akwai dokar da ta kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, akwai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta tanadi asusu don marasa ƙarfi, har da tsofaffi. Sai dai doka a takarda daban, abin da ya iso hannun tsohuwa a Ƙofar Marusa daban.

Ba sai ƙasa ta yi arziki take iya taimakon tsofaffi ba. Lesoto ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 a 2004, Zanzibar ta bi sahu a 2016. A nan gida jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne tsofaffi ba su da yawa tukuna. Wannan dama ce da Japan ba ta da ita yanzu, mu ma ba za ta dawwama a hannunmu ba.

Abin da ya rage mana

Wani zai ce maganin abin shi ne yawan 'ya'ya, in wannan bai kawo ba wancan ya kawo. Amma 'ya'ya goma da ba karatu ba sana'a, su ma masu jiran a ba su ne. Ɗa guda da ya iya aikin hannu ko ya yi ilimi yakan riƙe gida. Saboda haka kuɗin makarantar yarinya da na koyon sana'ar yaro suna cikin tanadin tsufan iyayensu. Samarin da ke tuƙa Keke Napep yau a titunan Katsina su ne tsofaffin 2060, kuma abin da za su ci a lokacin ya rataya ne a kan abin da ake koya wa 'ya'yansu yanzu.

Ga masu ƙarfi a jika, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Adashi yana da amfani, amma kuɗin da aka ajiye a ɗaki hauhawar farashi na cinye shi. Gara a juya shi ya zama fili ko dabba ko kayan sana'a, a kuma nemi bayani a kan ƙaramin fansho da inshorar lafiya ta jiha tun kafin ciwo ya zo.

Ga 'yan'uwa a gida, a zauna a raba nauyin Baba da Inna a fili: wa ke sayen hatsi, wa ke sayen magani, wa ke kai su asibiti. Wadda ta bar sana'arta tana jinya, ita ma a sa ta cikin lissafi.

Ikkilisiya ma tana da abin koyi tun daga farkonta. A wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 5, an ɗora nauyin gwauraye a kan 'ya'ya da jikoki tukuna, sa'an nan aka tsara rubuta sunayen waɗanda suka kai shekara sittin kuma ba su da kowa, domin jama'a ta riƙe su. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata za su iya yin haka a yau: a san su wane ne, ina suke kwana, wane magani suke sha, a ware musu rabo daga baiko kowane wata maimakon a jira Kirsimeti. A tuna da fastoci da masu bishara da suka yi ritaya ba gidan kansu. Maƙwabtanmu Musulmi suna da zakka da sadaka don irin wannan bukata, kuma yunwar tsohuwar da ke zaure ɗaya da mu ba ta tambayar addini.

Daga gwamnati kuwa, abin da ya kamata mu nema a bayyane yake: a biya fansho da garatuti a kan lokaci, a gyara su daidai da tsadar rayuwa kamar yadda tsarin mulki ya ce, a sa tsofaffi marasa galihu cikin inshorar lafiya, a kuma samar da tsaron da zai mayar da manoma gonakinsu. Duk mai neman ƙuri'armu, mu tambaye shi me ya tanada a kan waɗannan huɗu. Allah ya ba mu ikon riƙe iyayenmu da mutunci, ya sa mu ma mu sami masu riƙe mu.