Rabin Aji, Cikakken Malami

Wata Litinin, washegarin kasuwar Jibiya, na je duba ɗalibata da ke aikin koyarwa na gwaji a wata firamare kusa da shingen Magama. Daga cikin aji ana jin gurnanin manyan motoci da hayaniyar 'yan acaɓa masu jiran fasinjan Ɗan Isa. Ajin da aka ba ta shi ne wanda mutanenmu ke kira rabin aji. Na ƙirga yara 74 a kan tabarmi uku da dandaryar siminti, wasu riƙe da ƙannen da aka haɗo su da su daga gida. Ɗalibar tawa ta zo da shirin darasi tsaf, har da jan layi da jan biro, yadda muka koya mata. Darasin sassan jiki ne. Ta tsaya gaban allo tana faɗin sunayensu da Turanci, yara na maimaitawa da ƙarfi har kwanon rufi yana amsawa.

Da aka ɗan jima na durƙusa kusa da wani yaro na ce, "Ɗan Baba, nuna mini abin da Anti ta faɗa yanzu." Ya dube ni, ya dubi allo, ya sunkuyar da kai. Na ce, "To, ina kunnenka?" Caraf ya kama kunnuwansa biyu yana dariya, na kusa da shi ma kowa ya kama nasa.

Malamar ajin ta asali, Hajiya, tana zaune a gefe, dattijuwa mai tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu, ritaya ta kusa. Ba ta ce uffan ba sai da ɗalibata ta gama. Sannan ta jawo wani buhu daga bayan ƙofa, cike da marafan kwalba da ƙwallayen goruba, ta raba yaran gungu-gungu, ta ɗora manyan 'yan matan cikinsu a kan kowane gungu. Kafin kwata na awa, ajin da na ɗauka ba ya riƙuwa ya koma ƙirga biyar-biyar, ana gardamar wa ya fi yawa. Da za mu rabu ta riƙo hannuna ta ce, "Ƙanwata, ku can kuna koya musu yadda ake rubuta darasi. Yadda ake zama da yaro fa, wa zai koya musu?"

Shekara 19 ke nan ina koyarwa a sashen ilimin ƙananan yara na wata kwalejin ilimi, kuma a Jibiya aka yanke mini cibi. Tambayar nan ba ta bar ni na yi barci ba a daren, domin abin da ɗalibata ta yi a gaban allo ni na ɗora ta a kai. Ni ma haka aka ɗora ni.

A takarda ba mu da abin nema. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta fitar da kwas na musamman a wannan fanni a matakin NCE. Ga hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, ga cibiyar NTI ta Kaduna da ke horar da malamai tun 1976. Amma je ka ga yadda ake rabon malamai a makaranta. Wanda ya fi kowa ƙwazo aji shida ake kai shi saboda jarrabawa, rabin aji kuwa na wanda aka rasa inda za a sa ne. Sunan ma ya nuna yadda muka ɗauki abin. Kuma ina ganin wannan raini daga sama ya gangaro, daga wurinmu mu da muke horar da malaman.

Ga yadda matakalar aikinmu take. Matashi ya gama digiri, a ɗauke shi ƙaramin lakcara. Ya yi digiri na biyu, ya yi digirin digirgir, in ya yi sa'a asusun TETFund ya ɗauki nauyinsa. Duk lokacin ƙarin girma, abin da kwamiti ke ƙirgawa shi ne muƙalu nawa ya buga, taruka nawa ya halarta. Na zauna a irin wannan kwamiti, na ga mutum ya haye da muƙalu kan wasan yara alhali bai taɓa wuni ɗaya a ajin 'yan shekara biyar ba. Na kuma ga wata abokiyar aikina da ta shafe hutu biyu tana tattara tatsuniyoyi da kacici-kacici daga bakin tsofaffin mata, ta tsara su littattafan karatu na Hausa masu manyan haruffa, ta buga da kuɗinta ta raba wa makarantu. Da ta gabatar, aka ce wannan ba aikin masana ba ne. Shekara uku ta ƙara a matakin da take. Matasan da ke bayanmu sun gani da idonsu, sun kuma gane inda riba take.

Ba bincike nake ƙi ba, da shi nake cin abinci. Amma mu duba irin binciken da ya canza wannan fanni a duniya. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. A tsakar gidan talakawa aka yi wannan aiki, da kayan da ba su fi buhun marafan Hajiya tsada ba. Mu kuma mun maida bincike rabon takardar tambayoyi ga malamai hamsin, a zuba a kwamfuta, a fito da jadawali.

Zaman Jibiya ya ƙara buɗe mini ido a kan wani abu. A ajin nan akwai yaran da kakanninsu ke Ɗan Isa ko Madarumfa, akwai waɗanda suka fara lakwal, wato makaranta, a can suka dawo nan, akwai waɗanda za su koma. Harshensu ɗaya, langa da carafke da gaɗar da suke yi ɗaya ce. Ba abin mamaki ba ne, tunda Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau kuma sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. A tsallaken iyaka, malamin da ke gaban allo yana fama da irin matsalarmu, sai dai shi da Faransanci. Kuma Nijar ta daɗe tana gwada mafita: tun 1973 ta buɗe makarantun gwaji da ake fara karatu da harshen gida, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Maraɗi tana da makarantar horar da malaman firamare, tana da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Daga Magama zuwa can tafiyar kusan awa ɗaya ce. A shekaruna 19 na ga abokan aiki sun tafi Malesiya da Ingila neman ilimi, na yi musu murna, amma ban taɓa zama teburi ɗaya da mai horar da malamai daga Maraɗi ba. Na san iyakar ta sha rufewa: an rufe a 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. To amma a tsakanin nan biki da suna da ta'aziyya ba su tsaya ba, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa ta gefenmu. Masana ilimin yara ne kawai ba su sami hanya ba.

Mu ma a nan gida muna da abin dubawa. Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa na Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, suka kuma yi fice har a Turancin. Shirin RANA da UNICEF ta tallafa ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwan Katsina da Zamfara. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Ko wane ɓangare mutum yake, abin da ya fi ci mini rai shi ne da aka zo wannan muhawara, mu masanan Arewa ba mu da tarin hujja daga azuzuwanmu da za mu ajiye a teburi. Ba mu zauna a cikinsu ba balle mu tara.

Akwai kuma abin da babu shi a littafin da muke koyarwa da shi. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan yammacin Jibiya, har gwamnati ta rufe hanyar Gurbin Ɓaure a 2021, sun turo iyalai da yawa cikin gari. A ajin nan na ga wata yarinya da ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba. Da wani babur ya yi ƙara a bayan taga, sai ta cusa kanta cikin hijabin Hajiya, jikinta na rawa. Hajiya ba ta katse ƙirgar da ake yi ba, ta dai ɗora hannu a bayan yarinyar tana shafawa har ta lafa. Ɗalibata ta tambaye ni a mota, "Malama, in ni ce me zan yi?" Na gaya mata gaskiya cewa abin da ta gani yau ya fi duk abin da ke cikin laccata.

Wasu abokan aiki sun ce mini, "Ke so kike ki maida mu malaman firamare." Amsata ita ce su leƙa asibitin koyarwa. Farfesan likitanci yana zagaya marasa lafiya da ɗalibansa a bayansa, ba wanda ya ce darajarsa ta ragu. Kuma a wannan jiha aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 domin horar da malamai. Sardauna da Tafawa Ɓalewa daga can suka fito, dukansu alli suka fara riƙewa, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Bauchi.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Hukumar NCCE da majalisun kwalejoji da jami'o'i su sa a ƙa'idar ƙarin girma cewa duk lakcaran wannan fanni sai ya koyar a rabin aji na gwamnati, aƙalla yini ɗaya a mako na zango guda, hedimasta ya sa hannu. Littafin yara na Hausa da aka gwada a aji, masana suka tantance, a ba shi maki kamar muƙala. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su nemi takwarorinsu na Maraɗi a zauna ko sau ɗaya a shekara, a yi taron da Hausa, tunda ita ce kowa ke ji. Gwamna Dikko Raɗɗa ya ɗauki malamai fiye da 7,000 ta hanyar jarrabawa, abin a yaba ne. Saura sakatarorin ilimi su tura wasu daga cikin zaƙaƙuran zuwa ajin ƙasa, a kuma bar su su yi girma a can ba tare da an ɗauke su ba.

Ni dai na nemi a ba ni ranar Laraba a zango mai zuwa, zan riƙa hawa motar Jibiya da sassafe. Na kuma roƙi Hajiya ta zo ta yi wa ɗalibanmu na shekarar ƙarshe magana kafin ta ajiye aiki. Fom ɗin gayyatar baƙon malami yana tambayar digiri, ita kuma ba ta da shi, don haka na rubuta shekarun da ta yi a aji a wannan gurbin. Ta amince za ta zo, bisa sharaɗin a fitar da kujeru daga ɗakin lacca a shimfiɗa tabarmi, kuma kowace ɗaliba ta taho da marafan kwalba ashirin.