Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Lauyoyin Cinikin Gidaje a Ingila

Ya ku lauyoyi masu girma,

A dokar Ingila, cinikin gida bai ƙullu ba sai an yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin nan kowa yana iya janyewa. Mutum ya gama ɗaure kayansa cikin kwalaye, ciniki ya watse, sai ga takardar kuɗinku cif-cif kamar an kammala aiki. Wannan yana da ciwo.

Guminku halal ne. Amma ku rubuta tun farko nawa za a biya idan ciniki ya rushe, ku ware ladan aiki da kuɗin binciken gida. Wanda ya kawo kuka, ku saurare shi cikin mako 8, kada sai ya garzaya ofishin Legal Ombudsman mai sauraron koke-koke a kan lauyoyi.

Naku,
Wani mai neman gida