Tsohon Soja Da Fanshonsa: Wa Ya Kamata Ya Kawo Hujja?

Hausawa kan ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan karin magana ce ta faɗo mini a rai da na karanta yadda ƙasar Birtaniya ke yi wa sojan da ya nakasa a bakin aiki, idan hukuma ta hana shi fansho.

Tun a shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa kotuna na musamman a can domin sauraren irin wannan koke. An sabunta dokarsu a 1943, sannan a 2008 aka shigar da na Ingila da Wales cikin sabon tsarin ƙananan kotuna. Idan ma'aikatar tsaro ta ce ciwon mutum ba daga aikin soja ya samo asali ba, ko ta raina girman nakasarsa, yana da damar ɗaukaka ƙara ba tare da biyan ko sisi ba. Mutum uku kan zauna: alƙali, da likita, da wanda ya san aikin soja. Babu ɗayansu da ke karɓar umarni daga ma'aikatar da ake ƙara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar hujja. A tsohon tsari, wanda ya shafi raunin da aka samu kafin 6 ga Afrilu, 2005, idan soja ya nemi fansho cikin shekara 7 da barin aiki, gwamnati ce za ta tabbatar, ba tare da wani kokwanto ba, cewa ciwon bai da alaƙa da aikinsa. In ta kasa, sai ta biya. A sabon tsarin da ya biyo baya kuwa, nauyin ya koma kan sojan.

A ganina tsohon tsarin ya fi adalci. Wa ke riƙe da fayil ɗin asibitin bariki? Wa ya san inda aka tura bataliya da abin da ya faru a can? Hukuma ce. Sojan da ƙarar bindiga ta kurmantar, ko wanda firgicin yaƙi ya hana barci, ba takarda ya tsaya tarawa a fagen daga ba. Wasu za su ce hakan zai buɗe wa maƙaryata ƙofa. To, ai domin haka aka zaunar da likita a kotun. Kuma gara maƙaryaci ɗaya ya tsira da a tura mai gaskiya bara.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu? Ruwanmu ne. Kakanninmu sun yi wa Birtaniya yaƙi a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma da Hausa aka riƙa ba da yawansu umarni. A 2019 wani bincike na 'yan jarida ya nuna cewa kuɗin sallamar da aka ba sojojin Afirka ya gaza na takwarorinsu Turawa nesa ba kusa ba. Ga kuma matasan da suka rasa ƙafa ko ido a Arewa maso Gabas tun daga 2009.

Saboda haka ina kira ga majalisar tarayya da ta tanadar wa nakasassun sojojinmu kotu mai zaman kanta, kyauta, wadda za ta ɗora nauyin hujja a kan hukuma. Ya kuma zama doka a saurari kowa da harshen da ya fi ji. A nan aiki ya zo kanmu, ya ku 'yan'uwana ɗaliban harshe, domin koken tsohon soja ba zai isa kunnen alƙali daidai ba sai da ƙwararren tafinta.

Allah Ya saka wa kowa da gwargwadon guminsa, amin.