Barin dabba cikin azaba ba tawakkali ba ne

Idan rago ya kwanta ciwo aka ga ba zai tashi ba, nan da nan ake wasa wuƙa kada ya zama mushe. Ba mai cewa a jira ikon Allah. Amma bari mota ta take kyanwar gida ƙugunta ya karye, ko jakin da ya ƙare ƙarfinsa wajen ɗauko yashi ya kasa miƙewa, sai ka ji an ce wanda ya ba da rai shi zai karɓi abinsa. A bar kyanwa a bayan ɗaki tana jan ciki, ƙuda na bin raunin har ya yi tsutsa, kukanta ya koma nishi. Jaki kuwa a ja shi bakin bola a juya masa baya.

Ban yarda wannan tsoron Allah ba ne. Inda akwai nama muna da hanzari, inda ba riba sai mu fake da ƙaddara.

Masu cewa addini ya hana a kashe dabba don a hutar da ita, su koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Muhtasar na Shehu Halilu, jigo a mazhabar Malikiyya, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, kuma Dardiri a sharhinsa ya bayyana dalilin: a hutar da ita. Sharaɗin shi ne a tabbata ba ta warkuwa, don haka ba hukuncin mai gida shi kaɗai ba ne. Likitan dabbobi ne zai duba. Idan da magani, a yi magani, wannan haƙƙinta ne a kanmu. Idan babu, akwai allurar barci mai ƙarfi da ake yi ta jijiya, dabba ta fita hayyacinta kafin zuciya ta tsaya, ba ta san zafi ba. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, jihohi ma suna da nasu asibitocin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyar da ake yi wa mai kuka bayan mutuwar dabbarsa. Yarinya ta rasa magen da ke kwana a ƙafarta, maimakon lallashi sai a ce mata, "Ke Baturiya ce? Ai dabba ce!" Alhali Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya ga ƙanen Anas, Abu Umair, cikin baƙin cikin mutuwar ɗan tsuntsunsa, tausasa masa ya yi, ya tambaye shi labarin tsuntsun.

Iyaye, ku bar yaro ya yi kukansa, ku taya shi haƙa rami ya binne abarsa. Kai kuma mai dabbar da ke kwance yau, kada ka bari ta sake kwana a haka, nemi likita.