Kafin Mu Sayi Itacen Ceri Mai Fure, Mu Dubi Sansami

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu sun ga hoton wani itace a kalanda ko a waya, wanda ya lulluɓe da fure fari mai ratsin ja, babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Sunansa ceri mai fure, mutanen Japan kuwa suna ce da shi sakura. Ba abin mamaki ba ne idan wani ya tashi a taron ƙungiya ya ce a cire kuɗi a sayo irinsa, a dasa a bakin makaranta ko a harabar majami'a. Ra'ayina shi ne kada mu saya. Ba don fure ba shi da amfani ba, sai don wannan itace ba na ƙasarmu ba ne, kuma muna da wanda zai yi mana aikinsa.

Bari mu fara sanin itacen a gidansa. A birnin Tokyo yakan yi fure daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, furen kuwa ba ya wuce mako ɗaya ko biyu sai ya kakkaɓe. A 'yan kwanakin nan mutane sukan fita da iyalinsu su shimfiɗa tabarma a gindinsa, su ci abinci, su yi kallo. Irin da ya fi yawa a can shi ne Somei Yoshino. Ba shuka ƙwayarsa ake yi ba, aure ake yi masa kamar yadda muke auren mangwaro da lemo. Shi ya sa itatuwan gari guda sukan yi fure kusan lokaci ɗaya, gama duk daga uwa ɗaya suka fito. Wanda ya sayar maka da ƙwaya a cikin leda ya ce za ta zama kamar na hoton, cinikin biri a sama kuka yi.

Babban abin kuwa shi ne sanyi. Wannan itace yakan zubar da ganye ya yi barci a lokacin hunturunsu, kuma tilas ya sha sanyi na awoyi ɗaruruwa, a ƙasa da digiri 7 a ma'aunin santigired, kafin furensa ya buɗe sosai. Hunturunmu bai kai haka ba. Ko a Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, sanyin dare ne da asuba, rana na fitowa ya wuce. To, ina ga Zariya ko Gombe ko Maraɗi? Idan itacen ya rayu ma, da ƙyar zai ba da fure, zafin bazara kuma ga shi nan yana jiransa. Akwai wasu danginsa da ba su bukatar sanyi da yawa, kamar na Taiwan da na tuddan Himalaya, amma gwada irin waɗannan aikin masu bincike ne, ba na asusun ƙungiyar da ke tara kuɗin taki ba. Ku sani kuma, 'ya'yansa ƙanana ne masu ɗaci, ba na kai wa kasuwa ba.

Duk da haka akwai darasi a tarihin wannan itace. A ƙarshen 1909 hukumar birnin Tokyo ta aika wa birnin Washinton na Amurka kyautar itatuwa 2,000. Da suka iso, ma'aikatan gona suka duba suka tarar da ƙwari da cuta a jikinsu, sai Shugaba Taft ya yarda a ƙone su. Mutanen Tokyo ba su yi fushi ba. Suka sake yin aure, suka rena sababbi da kulawa, a 1912 suka aika da 3,020 masu lafiya. Ran 27 ga Maris na shekarar, matar Shugaba Taft da matar jakadan Japan suka dasa biyu na farko. A 1952 kuma, da itatuwan bakin kogin Arakawa, inda aka yanko rassan auren tun farko, suka lalace, daga Washinton aka aika da rassa don a farfaɗo da su. Watau kyauta ma sai an duba ta, balle abin da ka sa kuɗinka. Wanda kuma ya ba maƙwabci iri, ajiya ya yi wa kansa.

Wani zai ce, ai manomi ba ya cin fure, a dasa mangwaro kawai a huta. Ban yarda da wannan ba. Ƙauyen da ke da inuwa da kyan gani, yaransa ba su saurin raina shi. Abin da nake cewa shi ne mu buɗe ido mu dubi namu. Sansami yakan zubar da ganye da rani, sa'an nan ya rufe da fure mai launi kusan irin na ceri, ba tare da wani ya ba shi ruwa ba. Marga tana sako fure rawaya kamar an rataya mata zoɓe. Gurjiya tana da jan fure, har a yi miya da shi. Dukansu sun san fari, sun san zafin Afrilu. Mu ne muke sare su mu yi makamashi, sa'an nan mu yi sha'awar na hoto.

Saboda haka ga shawarata ga kowace ƙungiyar gama kai. Kafin a sayi kowane dashe, a tambayi mai sayarwa inda babbansa yake tsaye a yankinmu, a je a gani da ido. A duba ganye da ɓawo ko akwai ƙwari, a duba mahaɗin aure ko ya warke, a bar wanda saiwarsa ta nannaɗe cikin leda. Sansami kuwa ba sai an saya ba. Ana tara ƙwayarsa idan dogayen kwansonsa sun bushe, ko a haƙo 'yan tohon da ke fitowa daga saiwarsa. Malamin daji zai nuna muku yadda za a rene su.

A yi dashe bayan ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, da yamma. A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. A cire ledar a hankali, kada a binne dashen fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da. A kewaye shi da ƙaya tun a ranar, domin akuya ba ta jiran gobe. A riƙa duba gara, a kuma ba shi ruwa duk ranin farko.

Abu na ƙarshe, a rubuta sunan mai lura da kowane itace a littafin ƙungiya, a riƙa tambayarsa a taron wata. Itacen da aka ce na kowa ne, shi ne ke fara mutuwa. Idan kowace ƙungiya ta dasa goma a wannan damina ta kuma raya su, jikokinmu za su sami gindin da za su shimfiɗa tasu tabarmar.