Tabon fiɗa: wata shida na farko amanar miji ne

A Legas ko Istambul, matar da ta biya kuɗi aka rage mata tumbi don kwalliya, likita yakan ja yankan ƙasa sosai, daga wannan ƙugu zuwa wancan, yadda tufafi zai rufe tabon. Kafin a sallame ta sai an zaunar da ita an yi mata bayani: kada ta ɗaga kaya mai nauyi har mako 6, kada rana ta doki tabon, kuma ta yi haƙuri, don sai bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi yake gama lafawa.

Mu a nan Gabi ba mu san fiɗar kwalliya ba. Wadda muka sani ita ce ta ciro jariri, wadda gwamnatin Tandja Mamadou ta ayyana kyauta tun shekarar 2005. Ita ma yawanci a kwance ake yin yankan, can ƙasan mara, sai dai in an shiga gaggawa a tsaga daga ƙasan cibiya. Fatar iri ɗaya ce, naman iri ɗaya ne. To me ya sa tamu matar, kwana goma da dawowa daga Maraɗi, za ka gan ta bakin rijiya da guga?

Na ga wannan a gidanmu. Ƙanwata ta dawo da ɗinki, ranar suna tana tsaye tana hidimar baƙi. Tsofaffi suka dage sai an yi wankan jego da tafasasshen ruwa, ana fyaɗa ganye har kan mara. Bayan mako biyu bakin ɗinkin ya buɗe yana ruwa, muka sake biyan kuɗin mota. Ba na zagin al'ada. Amma an tsara wankan jego ne don wadda ta haihu da kanta, ba mai yanka a ciki ba.

Ga abin da maza ba su cika sani ba: tabon biyu ne. Na waje shi ido ke gani. Yana yin ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya kumbura ya yi tudu, abin da ya fi samun baƙar fata. Na ciki kuwa a jikin mahaifa yake, kuma shi ne mai kisa. In sabon ciki ya shiga da wuri, yana iya yagewa lokacin naƙuda. Shi ya sa likitoci ke cewa a ba da tazarar wata 18 zuwa 24, kuma haihuwa ta gaba a yi ta a asibiti.

Wani zai ce talaka ba shi da mai aiki. Gaskiya ne. Amma yana da ƙanne, yana da injin niƙa a unguwa, yana da hannu biyu. Daka da ɗiban ruwa na mako 6 ba su fi ƙarfin dangi ba, kuma sun fi fiɗa ta biyu arha.

Masu gorin cewa wadda aka yi wa fiɗa raguwa ce, su ji tsoron Allah. Malam, in ka ga tabon nan a jikin matarka, ka tuna ta nan ɗanka ya fito. Ka karɓe mata gugar, kuma in ka ga ɗinkin ya yi zafi, ko yana wari, ko zazzaɓi ya kama ta, ka kai ta likita a ranar.